Batagarawa Ba Ta Ji Ba

Damina shida ke nan da aka fita da Yaya Mannir daga gidanmu na Kambarawa. Sai da na ƙirga da yatsu don kada in yi ƙarya, shida ce cif. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, abin da nake yi bai wuce in soya waina in raba wa maƙwabta sadaka, in kira matarsa a waya mu ɗan yi kuka, mu share hawaye, kowa ta koma harkar gabanta ba. Bana na ce ba zan tsaya nan ba. Akwai maganar da na daɗe ina haɗiyewa ta ƙi wucewa, kuma tun da shi yanzu ba shi da bakin kare kansa, ni da na jawo aka ɓata masa suna ni ya kamata in wanke shi a bainar jama'a. Sunayen sauran mutanen da zan ambata duk na sakaya su.

Ga wanda bai san shi ba, yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara tara. Ma'aikacin gwamnati ne, aikinsa a ofis gyaran kwamfutoci da haɗa su da juna. Dogo ne siriri, ga sanyin magana, idan ya fara bayani sai ka ƙagu ya kai aya. Ni kuwa Rabi, malamar makaranta ce, shi ya ɗora hannuna a kan kwamfuta har na zo ina koyar da ita. Duk danginmu an san ni da abu biyu, gaggawa da tsintsiya. Ba na iya ganin abu a inda ba muhallinsa ba in wuce. Shi ya laƙaba mini Sarkin Shara tun ina yarinya, kuma har ya koma ga Allah bai daina ba, ko a gaban 'ya'yana.

Gara ce ta jefa shi harkar tsofaffin littattafai. Kakanmu malami ne, ya bar adaka guda cike da littattafan da ya kwafa da hannunsa, na Larabci da na ajami. Aka ajiye adakar a ƙuryar ɗaki ana ta girmama ta, ba mai buɗewa. Ranar da aka buɗe, ƙasa aka samu. Na tuna Yaya ya tsugunna yana tsintar guntayen takarda kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. A makon nan ya sayi kyamara, ya fara bin gidajen cikin birni a kan babur ɗinsa, yana roƙon a bar shi ya ɗauki hoton abin da kakanni suka bari, shafi bayan shafi, kafin gara ko ruwan sama su riga shi. Wani gidan sai ya yi zuwa biyar kafin a fito masa da gafaka ɗaya.

Sharaɗin da kusan kowane gida ke gindaya masa iri ɗaya ne: kada a baje musu littattafai inda kowa zai gani, kada kuma a damƙa su ga wani kamfani da ba su san fuskarsa ba. Wannan ya sa ya nemo wata manhaja da ba ta da babbar ma'ajiya a hannun kowa. Yadda take aiki ba wuyar ganewa. Ka haɗa kwamfutoci kaɗan na mutanen da ka amince da su, duk abin da aka zuba a ɗaya, da zarar sauran sun samu intanet sai su kwafa, kowa ya zama yana da irin na kowa. In ɗaya ta ƙone ko aka sace ta, ba a yi asara ba. Mu uku muka fara: tasa a Kambarawa, tawa a gidan aurena, sai ta abokinsa Malam Lawal, wani malamin Larabci da ke zaune a Batagarawa. Littattafan kowane gida ya ware musu folda tasu, yana kiran ta rumbu. Rumbun gidan wane, rumbun gidan wance.

Zubawa ba aiki ba ce, in ji shi, gogewa ce aiki. Na sha wannan karatun har kunnena ya gaji. Idan ka goge rumbu a kwamfutarka, ba ya ɓacewa a na sauran haka siddan. Manhajar takan bar wani ɗan layi a jerin sunaye, dusu-dusu, mai cewa rumbu kaza an goge shi. Layin nan shi ne ɗan aike. Duk kwamfutar da ta samu intanet ta gan shi, sai ita ma ta goge nata. Idan kowa ya ji, layin ya gama aikinsa, ya zama shara, kuma in aka bar irinsa suka taru sai jerin ya cika da sunayen abin da babu, manhajar ta riƙa nauyi. Saboda haka dole a riƙa sharewa. Amma in ka share shi alhali akwai kwamfuta ɗaya da ba ta ji ba, ranar da ta farka za ta duba ta ga tana da abin da 'yan'uwanta ba su da shi, ba kuma wanda ya ce mata an goge, sai ta ɗauka sabo ne ta raba wa kowa.

Shi kansa ba mai son tara shara ba ne, kada in yi masa shaidar zur. Duk ƙarshen wata yakan zauna ya bi jerin nan ya cire layin da ya gama aiki. Sai dai kafin ya cire ko ɗaya, sai ya hau babur ya zo gidana, ya sha kunu, ya zauna gaban kwamfutata ya gani da idonsa rumbun ya tafi. Daga nan ya kama hanyar Batagarawa. Manhajar kuwa tana iya nuna masa duk wannan yana kishingiɗe a ɗakinsa. Na ce masa wannan wahalar da kai ce kawai, mutum ya yi boko har ya ƙoshi amma yana aiki kamar mai raba goron gayyata. Ya yi dariya ya ce in tuna da Inna. Innarmu, Allah ya jiƙanta, ba ta yarda a share ɗakin wanda ya yi tafiya sai an samu labarin ya sauka lafiya, kuma ni ce kullum ake kamawa da tsintsiya a ƙofar ɗakin Baba. Na ce ai wannan camfi ne. Ya ce e, na Inna camfi ne, nasa lissafi ne, amma tsintsiya ɗaya suke hanawa.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da zai leƙo ya ga yadda muke yi yau. Yanzu kowa kyamararsa na aljihu. A je gidan mutum a fito da littafin kakansa don neman albarka, kafin a mayar da shi gafaka hotonsa ya shiga zaure uku na waya, an yi masa ado da furanni an rubuta a tura wa mutum goma. Ba mai tambayar masu gida, ba kuma mai tunanin ranar da za su ce a janye. Ina jin ba zai yi faɗa ba, don bai iya ba. Zai dai tambaye mu a sanyaye, wanda ya aika abu inda bai san yawan masu riƙe da shi ba, in aka ce ya dawo da shi, ƙofar wa zai fara ƙwanƙwasawa? Ni da nake wannan wa'azin, laifina ya fi nasu, don su ba wanda ya zaunar da su ya koya musu.

Kamar shekara guda kafin rasuwarsa ya ɗauki hoton littattafan wani gida a Ƙofar Sauri. Mai gidan babban malami ne da ya daɗe da rasuwa, kayansa suna hannun babbar 'yarsa, wadda zan kira Hajiya Dije, dattijuwa mai kwarjini, ƙawar Innarmu tun suna 'yan mata. Saboda wannan zumunci ta sa aka kwaso masa komai ba ta tsaya tantancewa ba. Bayan 'yan kwanaki sai ga ta da kanta a gidanmu da rana tsaka, ita da ba ta fita sai da babban dalili. Ashe cikin abin da aka kwaso har da kundin mahaifinta. Ba littafin karatu ba ne. Nan yake rubuta sunayen waɗanda suka zo masa da damuwarsu neman addu'a, da sunayen iyayensu mata, da abin da ya kawo su. Matan aure, 'yan kasuwa, masu riƙe da muƙami, mutanen da 'ya'yansu da jikokinsu ke yawo a garin nan yau, kowa da abin da ko uwarsa bai gaya wa ba.

Ina wurin, don ranar na je gida. Bayan an gama gaisuwa, an tambayi gida da yara da gajiya, ta ce masa abin da ke cikin kundin nan ba nata ba ne, ba na mahaifinta ba ne, na mutane ne da suka ba da ajiya. Ta ce ita za ta binne takardun, shi kuma ya kashe hoton duk inda ya kai shi. Yaya ya gaya mata gaskiya, cewa shafi biyu ya karanta ya gane ko mene ne ya rufe, kuma hoton yana wuri uku.

"Hajiya, na ɗaukar maki alkawari," ya ce. "In Allah ya yarda ba za ki ƙara jin labarin kundin ga ba."

Ta ce ta yarda, ɗan ƙawarta Hauwa ba zai yi mata ƙarya ba. Washegari ta sa aka haƙa rami a bayan ɗakinta, ta naɗe kundin a farin ƙyalle ta binne.

A ranar ya goge nasa, ya zo ya tsaya a kaina har tawa ta goge. Da ya isa Batagarawa sai ya tarar da ƙofa da kwaɗo. Malam Lawal ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, 'yan'uwansa sun ɗauke shi zuwa wani gari mai nisa neman magani, kwamfutarsa kuma tana kulle a akwati cikin ɗakinsa. Na ce a samu wani a gidan ya fasa kwaɗon mana, kafin ka ce kwabo an gama. Ya ce ba zai fasa akwatin mutum yana kwance bai san inda kansa yake ba, kuma ma ba buƙata. Kwamfutar a kashe take, ba mai iya buɗe ta sai mai ita, duk ranar da aka kunna ta layin nan zai isar da saƙo kafin ta yi wani motsi. Abin da ake so kawai a bar layin a wurinsa.

Ya aike ni wurin Hajiya in gaya mata biyu sun tafi, saura ɗaya a kulle tana jira. Nan na fara ɓarna. Na je na ga tsohuwa hankalinta a tashe, na duba tsawon bayanin da zan yi mata na layi da akwati da intanet, sai na ga ina amfanin ƙara mata fargaba. Na ce, "Hajiya, an goge." Ta ɗaga hannu ta yi ta sa masa albarka. Da na dawo ya tambaye ni ko na faɗa mata, na ce na faɗa. Bai tambayi me na faɗa ba.

Sau uku yana komawa Batagarawa ko an dawo da abokinsa, kafin nasa ciwon ya kwantar da shi. Hanta ce, ba ta ba shi lokaci mai tsawo ba. Wata rana da la'asar a asibiti ina ba shi ruwa a cokali, ya riƙe mini hannu.

"Sarkin Shara, akwai layi ɗaya da na bari. Kada ki taɓa shi. Batagarawa ba ta ji ba."

Na ce don Allah ya bar zancen kwamfuta ya ji da jikinsa. Ya ce in dai ce to. Na ce to, irin to ɗin da ake ce wa marar lafiya don ya yi shiru ya huta. Kwana tara bayan nan ya cika.

Aikin ya dawo hannuna, ba don na fi kowa iyawa ba, don ba wanda ya rage. Kuma ban yi wasa da shi ba, wannan kam zan faɗa. Na nemi izinin gidajen, na ƙara kwamfutoci huɗu na malamai masu son nazari, muka zama bakwai. Da na gaji da kiran waya na yaya ake karɓar kaza, sai na saita musu duk abin da ya fito daga ɗayanmu su karɓa ba tambaya. Layin kundin kuwa yana nan dusu-dusu a ƙasan jerin, kullum ka kunna sai manhajar ta fito da gargaɗi cewa akwai na'urar da aka daɗe ba a gani ba. Sababbin sai tambaya suke, Malama wannan fa, Malama wannan ba ɓaraka ba ce? Shekara biyu ina kawar da kai ina cije leɓe.

Wata safiya muna hutun makaranta, na share gida, na wanke tsakar gida, na kakkaɓe yanar gizo-gizo, sai na zauna gaban kwamfuta da sauran ƙarfina. Ba zan ce na manta da maganarsa ba. Na tuna ta sarai, har muryarsa na ji. Sai na shiga kawo wa kaina hujja. Malam Lawal shekara uku yana kwance, an ce ko cokali ba ya riƙewa. Kwamfutar da ta yi wannan daɗewa a akwati ai ta zama gawa. Yaya mutum ne mai tsanantawa, kowa ya sani. Ban kira kowa a waya ba. Ban je Batagarawa ba, Batagarawar da in ka fita bayan karin kumallo za ka dawo ka ɗora abincin rana. Na cire layin, na aika wa sauran yadda za su cire nasu. Ruwan shayi bai isa tafasa ba na gama. Jerin ya yi fes, gargaɗin ya ɓace, na ji wani daɗi ya ratsa ni. Wannan daɗin shi ne har yau na kasa yafe wa kaina.

Hausawa suka ce sauri ya haifi nawa. Nawa saurin sai da ya yi kusan shekara kafin ya haihu. Allah ya ba Malam Lawal sauƙi, aka dawo da shi gida yana jan ƙafa amma bakinsa ya buɗe. Aka sa masa sola, ya sa aka canza wa kwamfutar batir, ya kunna. Ya kira ni yana dariya yana kuka, ya ce yau ya ga sunan Mannir a allo kamar zai yi magana. Na taya shi murna, wallahi ko ɗar ban ji ba. Muna tsakiyar jarrabawa a makaranta, kwana huɗu ban buɗe tawa ba.

A kwana huɗun nan kwamfutar Batagarawa ta yi daidai abin da Yaya ya ce za ta yi. Ta duba ta ga tana da rumbun da sauran ba su da shi, ba ta tarar da ɗan aike ba, ta raba wa kowa. Ɗaya daga cikin sababbin malaman ya ga sabon rumbu ya buɗe da zumuɗi irin na mai son karatu. Yana ta bi har ya iso kan sunan mahaifiyarsa, da sunan tata uwar, da abin da ya kai ta wurin malam tun kafin a haife shi. Ba zan faɗi ko mene ne ba, ko da wuƙa a wuyana. Don ya tabbatar sai ya nuna wa wani kawunsa, kawun ya gaya wa matarsa, shi kuma malamin ya wuce Ƙofar Sauri ransa a ɓace. Ranar da na buɗe tawa sai ga sunan rumbun baƙi ƙirin a saman jerin. A yinin nan na sake gogewa, na ɗauki shatar napep na bi sauran gida shida ɗaya bayan ɗaya, na tsaya a kan kowace har na ga ya tafi. Amma magana zarar bunu ce, wadda ta fita ta fita.

Hajiya ta aiko a kira ni. Na same ta a kan darduma bayan azahar, carbi a hannu, ta rame. Ta amsa gaisuwata duka, har ta tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ta nuna mini ta taga wurin da ta binne kundin, ta ce har ciyawa ta rufe shi. Sannan ta dube ni.

"Rabi, ke kika zo nan kika ce mani an goge. Shi ya ce maki haka?"

Amsar gajeriya ce, kuma tana kan harshena. Na sunkuyar da kai na ce, "Hajiya, sha'anin na'ura sai Allah."

"Na'ura ba ta yi mani alkawari ba. Mannir ya yi." Ta ja carbi ta ja, sannan ta ce, "Kina rufa ma ɗan'uwanki asiri, ban ga laifinki ba. Allah shi gafarta mashi. Na yafe, amma na ji ciwo."

Na ce amin. Jama'a, amin na ce. Tsohuwa ta yafe wa yayana laifin da bai yi ba, ni mai laifin ina zaune a gabanta ina amsa addu'a, har ta sa aka zuba mini fura na sha.

Na daɗe ina neman sunan da zan ba abin da na yi mai ɗan sauƙi, ban samu ba. Tsoro ne da son a ci gaba da ganina da mutunci. Ni ce Malama Rabi mai tsari, wadda ba a kama ta da kuskure, kuma ga wanda zai ɗauki kayan ba tare da ya yi musu ba. Na bar mamaci ya ɗauki laifina saboda ba zai tashi ya ƙaryata ni ba. Shi da ya ƙi fasa akwatin marar lafiya don bai san inda kansa yake ba, ni na ɗora masa abin da ya fi fasa akwati yana kwance a kabari.

Na ce zan koma in gaya mata. Bayan jarrabawa. Jarrabawa ta wuce na ce bayan azumi, kada in tayar mata da hankali tana ibada. Azumi ya wuce na ce bari zancen ya ƙara lafawa. Sau biyu ina zuwa har bakin lungunsu in juya. Ina cikin wannan jan ƙafa aka kira ni wata Laraba aka ce Hajiya ta rasu. A wurin zaman makoki, ina zaune a tsakar gida cikin mata, na ji wata a bayana tana ce wa ta kusa da ita ai tun abin da ɗan Kambarawan nan ya yi mata ba ta ƙara walwala ba, mutum kamar na Allah ashe ba ya riƙe amana. Ta kusa da ita ta ce ita ma haka ta ji. Na juya ban san ko ɗayarsu ba. A nan na gane cewa maganar ta shiga gidajen da ban san adadinsu ba.

Da na sani ƙeya ce, ba ta gyara komai, sai dai ta sa ka tashi. Bayan sadakar arba'in na fara bin gidaje kamar yadda yake yi. Na fara da babban ɗan Hajiya, na zauna na kwashe komai na gaya masa, tun daga "an goge" har zuwa safiyar shara. Ya ce da ma Hajiya ta ji wannan. Na je wurin malamin da ya ga sunan mahaifiyarsa, ya saurare ni a zaure bai ce in shiga ba, kuma ban ga laifinsa ba. Wanda ya fi ba ni tausayi Malam Lawal. Ashe duk tsawon lokacin nan shi yana ganin shi ne sanadi, ya rufe kwamfutar ya mayar akwati yana cewa da ma bai warke ya kunna ta ba. Da na gama ya share ido da hannunsa mai lafiya ya ce, "To ke mi ya hana ki bugo mani waya, Malama?" Matan nan biyu na gidan makoki ban san inda zan same su ba, su da ire-irensu. Su nake fata wannan rubutu ya riska, da izinin ɗan Hajiya na yi shi. Duk wanda ya taɓa jin cewa Mannir ya ci amanar wata tsohuwa a Ƙofar Sauri, ya ji daga bakin mai laifin: bai ci ba. Ya riƙe ta har a gadon mutuwarsa, ni na sake ta.

An sabunta manhajar tun tuni. Yanzu idan ka zo cire irin wannan layi, sai ta tsayar da kai ta lissafo maka na'urorin da ba su karɓi saƙo ba, ta tambaye ka ko ka tabbata. Na san da Yaya ya gani zai yi murmushin nan nasa ya ce to, na'ura ma ta koyi ladabi, saura Rabi. Akwai kuma wani saiti da ke share layukan da kansa idan sun kai wasu kwanaki, wai don jerin ya zauna da tsabta. Da wannan kam za su yi rigima. Zai ce kwana nawa ake ɗibar wa marar lafiya ya warke? Na kashe shi a duk kwamfutocinmu, na kuma cire karɓa ba tambaya. Su kira ni sau goma a rana, na yarda.

Idan na auna abin da ya bari, ba gida ba ne, ba mota ba, babur ɗin ma ya tsufa. Damina biyu da suka wuce ɗaki ya rufta a wani gida cikin birni, ruwa ya jiƙa littattafansu suka zama kunu. Muka buga musu hoton da ya ɗauka, dattijon gidan ya rungume rubutun mahaifinsa yana sa wa Yaya albarka. Wannan yana nan, kuma zai daɗe. Sai kuma ɗabi'ar nan tasa da na raina, ta cewa abu bai ƙare ba sai na nesa ya ji. Yanzu ni ke hawa napep duk ƙarshen wata in bi gidaje, in sha kunu a Batagarawa, in gani da idona, sannan in dawo in yi shara. Allah ya jiƙan Yaya Mannir, ya jiƙan Hajiya, ya sa sun haɗu inda ba a ɓoye gaskiya, ni kuma ya yafe mini.

Layin kundin yana nan a kwamfutata, na biyun, wanda na yi da hannuna ranar da na bi gida shida. Duk na'urorin sun amsa, har ta Batagarawa. A ƙa'idar Yaya ya zama shara, kuma da yana nan zai leƙo ta kafaɗata ya ce, Sarkin Shara, yau kuma mi ya hana ki? Duk wata nakan share sauran in iso kansa in tsaya, manhajar ta rubuto mini cewa kowa ya karɓi saƙo, ana iya cirewa. Ita kwamfutoci take ƙirgawa. Hajiya Dije ba ta ji ba.